Diskin Aro da Muka Mayar a Wanke

Ordinater ɗina, wato kwamfuta, ba irin na ƴan gayu ba ne da ake ratayawa a kafaɗa. Babban akwati ne baƙi, tsohonsa na saya a Maradi shekarar da aka turo ni Dakoro koyar da lissafi a kolej, kuma in ya tashi aiki maƙwabta kan ɗauka an kawo injin niƙa unguwa. Matata ta ɗinka masa riga da ragowar atamfa saboda rairayi. Ni kuwa ba don kyansa nake ji da shi ba. A cikinsa akwai wani ɗan gajeren bidiyo na babana, Allah ya jiƙansa, wanda na ɗauka da wata tsohuwar salula da ta daɗe da mutuwa. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Baba ne a bakin rijiyar ƙauyenmu yana fama da jakin da ya ƙi jan guga, yana zaginsa tun daga kakanninsa, sannan ya juyo ya ce da ni in ajiye wannan abin banza in zo in kama igiya. Iyakarsa ke nan. Amma duk duniya ba mu da wani wurin da Baba ke motsi yana magana sai nan.

Wadda ta fi kowa sanin darajar bidiyon ita ce Gwaggo, ƙanwar Baba. Tana zaune wurin ɗanta a Bader Goula, inda yake manjo, wato babban malamin jinya, a ɗakin shan magani, kuma kusan kowace ranar kasuwa takan biyo motar ƴan kasuwa ta zo Dakoro da cukunta na sayarwa. In ta gama ciniki sai gidana. Ko ruwa ba ta bari a kawo mata. Ta tuɓe takalmi, ta zauna a tabarma gaban gilashin ordinater, ta ce:

"Mushe, kunna mini Yaya."

Mushe, yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci, take kirana tun ranar da na fara koyarwa, kuma har yau ban tabbata ko girmamawa ce ko tsokana ba. In hoton ya fito sai ta gyara zama.

"Yaya, ina wuni? Ina gajiya?"

Baba kuma daga can ya ce da jaki, "Ɗan banza, tahi mana!"

Sai ta juyo ta dube mu. "Kun ji ko? Haka shike tun muna yara. Ka gaishe shi, shi zage ka."

Kada wani ya ce Gwaggo ta ruɗe. Ta san sarai inda yayanta yake, ita ce ma ta fi kowa yi masa addu'a in an kashe na'urar. Gaisuwar ce dai ba ta iya bari.

A shekarar da nake ba da labarinta, yanar ido ta kama Gwaggo. Aka ba ta rana a Maradi, wajen ƙarshen damina, za a yi mata aiki. Tun da wuri ta shimfiɗa mini sharuɗɗanta: ni zan raka ta, a gidana za ta kwana, kuma kafin wani likita ya kai mata wuƙa ido sai ta kalli Yaya ta ƙoshi, don ba ta san da abin da za ta tashi ba. Na ce mata wannan ai mai sauƙi ne.

Ɗan nata taubashina ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka bawana ne, ko da yake shi yana da nasa lissafin daban. Allura ya karanta, amma zuciyarsa na wurin na'ura. Shekarun baya da ya zo hutu ya buɗe akwatina ya leƙa, ya yi tsaki, ya ce diski ɗaya tal kamar tukunyar gwauro. Diski shi ne ƙarfen nan mai faɗin tafin hannu da na'ura ke ajiye komai a cikinsa. Ya ciro wani daga jakarsa ya ara mini, ya ɗaura shi kusa da nawa, ya zuba masa wani tsarin aiki na kyauta da yake yabo kamar shi ya haife shi. Daga ranar, in na kunna ordinater sai ya tsaya ya tambaye ni wanne nake so: tsarin da na saba, wanda ke kan diskina, ko na taubashi. Kullum nawa nake zaɓa. Nasa na ɗan leƙa, na ga komai a juye, na fito. Abu ɗaya na yi na kirki a wannan leƙe, na ajiye kwafin bidiyon Baba a can.

Sai ga taubashin ya kira ni wata ranar kasuwa, Gwaggo na zaune a tabarma.

"Kai bawa, diskina ya tsuhwa a gidanka. Nawa ya cika. Ka ba Inna ta taho mini da shi."

Na ce ai bawa ba shi da dukiya, abin bawa na ubangidansa ne. Muka yi dariya, na kashe waya. Da na juyo sai na ga fuskar Gwaggo ba alamar dariya.

"Aro ne?"

"Aro ne, Gwaggo."

"Tun yaushe?"

Na shiga ƴan kame-kame.

"Abin aro har sai mai shi ya buɗe baki ya tambaya? A gidan Yaya anka koya maka haka? Tashi ka hiddo shi. Amma ka wanke shi tukuna."

Na ce ai ba a sa masa ruwa.

"Ni ban ce ka sa mai ruwa ba. Kai ka san yadda ake wanke irinshi. Ba dai ka maida ma ɗana kaya da dattinka ciki ba."

Dole in yi wa wanda bai tashi a gidanmu ba bayani. A wurinmu tukunyar aro ba ta komawa yadda ta zo. Sai an dirje ta da toka da yashi har ta fi ranar da aka ƙera ta haske, kuma ba ta komawa wayam, ko ƴar gyaɗa ce ko garin kuka sai an jefa a ciki. Da idona na ga an kira ƴar'uwata ta dawo daga ƙofar maƙwabta saboda an hango baƙi a gindin ludayi. Da wannan tarbiyya na tashi, lissafin kolej daga baya ya zo. Don haka maganar Gwaggo ba ta yi mini kama da wauta ba, daidai ta zauna mini. Na shiga tsarina, na nemo diskin taubashi, na ba da umarni a share shi tas. Na'ura ta tambaye ni ko na tabbata. Na tuna kwafin bidiyon, na ce ai na asali na nan a nawa, na amsa mata na tabbata. Da ta gama na kashe ta, na kwance ƙusoshi, na zaro diskin. Matata ta naɗe shi a sabon ƙyalle, ta ɗora ƙullin dabino a kai. Gwaggo ta sa shi a kwandon cuku, ta yi mini kallon wanda ya fara zama mutum, ta tafi tasha.

Washegari da safe na kunna zan buga wa ƴan ajina jarrabawa. Injin niƙa ya tashi kamar kullum, amma tambayar da ya saba yi ba ta zo ba. Gilashi baƙi ƙirin, da ɗan farin rubutu na Ingilishi a sama, ƙarshensa grub rescue, sai wani ɗan layi da ke ta ƙifta mini ido. Na kashe na kunna. Na danna duk abin da ke dannuwa. Na tuɓe masa rigar atamfa ko zafi yake ji. Na ɗan mare shi a gefe yadda ake yi wa rediyo. Matata da ke shara ta leƙo ta ce ko kewar abokin zamansa yake yi. Ban yi dariya ba.

Na yi ta kiran taubashi har na same shi. A inda yake, in mutum na son a ji shi da kyau sai ya hau tudun yashin da ke bayan ɗakin shan magani, don haka na jira ina jin hakinsa har ya kai sama. Na karanta masa rubutun.

"Ba komai ba ne," in ji shi. "Ran kasuwa Inna ta maido maka diskin, ka maida shi wurinshi, na'ura ta tashi, sannan in nuna maka yadda ake raba su cikin mutunci."

"Na wanke shi."

"Ka mi?"

"Na share shi tas. Gwaggo ce ta ce."

Na ɗauka rezo, wato layin waya, ya yanke. Sai na ji dariya, irin wadda mutum ke riƙe ciki. "Ni ko na ga dabino, na ce yau bawana ya yi hankali!" Ya yi ta dariya har layin ya yanke da gaske.

Da ya sake kira ya yi mini bayani. Ranar da ya zuba tsarinsa, ya kafa wani ɗan mai gadi a bakin ƙofar diskina, shi ne mai tambayar nan ta kowace safiya. Amma mai gadin gangar jikinsa ce kawai a wurina, hankalinsa duk yana kan diskin aro. Ni kuwa na share hankalin, na aika da mazauninsa Bader Goula a kwandon cuku. Yanzu mutumin na tsaye a ƙofa, bai san kowa ba, ba ya barin kowa ya wuce.

"Kayanka na nan ciki, ko tsinke bai ɓata ba," in ji shi. "Ƙohwa ce kawai. Kada dai ka bari kowa ya taɓa."

"Kuma duk shekarun nan ba ka gaya mini ba?"

"Wa ya san za ka yi mai wankan Salla?"

Ya ce maganin na kan kile, ɗan abin nan da ake tsirawa a gefen na'ura, kuma zai haɗa ya aiko. Sai dai abin da za a zuba a kile ɗin yana da nauyi, rezon can ɗigo-ɗigo yake zuwa, ga shi lokacin masassara, mata da jarirai sun cika masa baranda. Na tambayi abokan aikina a kolej, kowa na da kile cike da waƙoƙi da wa'azi, ba mai irin wanda ake nema.

Haƙuri ba halina ba ne. Na ɗaura akwatin a bayan kabu-kabu na kai wa wani mai gyaran salula a bakin kasuwa, wanda ake cewa yana taɓa ordinater. Ko gama karanta rubutun bai yi ba ya ce, "Formataj." Formataj shi ne irin wankin da na yi wa diskin taubashi.

"Abin da ke ciki fa?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Su kam sai dai Allah ya jiƙansu."

Bai san abin da ya taka ba, kuma ba laifinsa ba ne, amma raina ya ɓaci. Na sunkuci akwatina na fita ko sallama ban yi masa ba. Mai kabu-kabu ya so ya ja ni da hira a hanya, ya ga ba fuska, ya kama bakinsa.

Ranar kasuwa ta zagayo, Gwaggo ta zo, ta tuɓe takalmi, ta zauna, ta ce in kunna mata Yaya. Na kunna mata baƙin gilashin, na gaya mata gaskiyar abin da ya faru. Ta saurara har na gama.

"Ina Yaya?"

"Yana ciki, Gwaggo. Ƙofa ce ta ƙi buɗuwa."

"Ko dai ni na tahi da shi cikin kwando?"

Na rantse mata ba ta tafi da shi ba. Ta daɗe tana kallon ɗan layin da ke ƙifta ido. Furar da matata ta dama mata ko taɓawa ba ta yi ba, kuma a sanina da Gwaggo wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tausayinta ya kama ni sosai. Da za ta tashi ta dafa kafaɗata ta ce, "Wanki dai an yi daidai." Ban taɓa jin ta janye wannan magana ba.

Ana gobe za mu tafi Maradi ta iso bayan azahar da ƴar jakarta. Ta zauna, ta kwance haɓar zanenta, ta fito da ɓarin goro da kile ɗin, ɗaure wuri ɗaya. Ta miƙo mini shi da hannu biyu. Na busa masa iska don ɓawon goro, na tsira shi a gefen akwati, na kira taubashi. Ya bar mataimakiyarsa da marasa lafiya ya hau tudu cikin rana, kuma ya tabbatar na san irin alherin da yake yi mini.

"Yi sauri bawa, takalmina na narkewa. Kunna, ka yi ta danna madannin da na ce har ya tambaye ka ta ina za shi tashi. Ka zaɓi kile."

Na zaɓa. Gilashi ya yi shuɗi, karo na farko da na ga wani launi a kansa tun ranar dabino.

"Za ka ga babban rubutu a tsakiya mai cewa a girka sabo. Kada ka taɓa shi. Ka ji ni? In ka taɓa shi ka kira mai formataj ke nan da hannunka. Duba can ƙasa, ƙaramin, mai cewa gyara."

Na janye yatsana, don dama wurin babban ya nufa. Na bi ƙaramin, ya ja ni lungu-lungu har muka isa wani baƙin fili da ake rubuta umarni a ciki. Ya fara kira mini baƙaƙe ɗaya-ɗaya kamar ɗan aji ɗaya, ni malamin kolej. Abin da yake so in rubuta shi ne bootrec /fixmbr. Na yi rabi lafiya, sai na danna wani baƙi wani daban ya fito. Na goge na sake, haka.

"Kilabiyenka, allon madannan nan, Faransi yake ji, kile ɗin kuma Ingilishi," in ji shi. "Bar kallon abin da anka rubuta bisa madanni. Sauka layin ƙasa ka laluba."

Na yi ta lalube ina gumi, ina sauraren fanka da kunne ɗaya don tsoron kada kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Gwaggo na bayana tana tauna goro.

"Duk wanga rubutu, laya kuke mai?"

"Kusan haka ne, Gwaggo."

"To ku yi bisimilla mana. Ban ji wanda ya yi ba."

Na yi bisimilla na danna. Layi ɗaya ya fito, taubashi ya ce ma'anarsa an gama. Na ce duk wannan wahala layi ɗaya? Ya ce an sallami tsohon mai gadi ne an maido na asali, wanda ƙofa ɗaya kawai ya sani, kuma in zare kile in sake kunnawa. Na zare, na kunna. Gilashi ya yi baƙi, ya daɗe a baƙin har na fara tsara zagin da zan yi masa. Sai ga alamar tsarina ta fito tana juyawa. Na yi ihu a waya. Ya ce in ajiye godiyata, rago yake so, ya sauka daga tudu.

Kayana na nan yadda na bar su. Kafin komai na kwafi bidiyon a kan kile ɗin, na aro, ban kuma ji kunya ba. Sannan na kunna, na ja gefe.

Gwaggo ta matso. Ta ƙara matsowa, har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta ce, "Yaya, ina wuni?" Baba ya zagi jaki. Na jira ta juyo ta yi mana ƙorafin da ta saba, ba ta juyo ba. Bidiyon ya ƙare. Ta ce in sake, na sake.

"Mushe, wace riga ce jikinshi?"

Na ɗauka gwada ni take yi. Na ce shuɗiya.

"Shuɗiya wace iri? Wadda ta koɗe?"

A nan na gane. Na tambaye ta tun yaushe ba ta ganinsa.

"Tun kahin shuka nike ganin inuwa tai kawai. Na ce ko in na matso yau in gan shi. Ko inuwar ta tahi."

Duk gumin da muka yi, ni da bawana a kan tudu, mun buɗe ƙofar bayan ido ya riga ya rufe. Ita kuwa ta ja da baya ta gyara zama, ta ce tunda haka ne in kunna in riƙa faɗa mata. Na kunna na fara. Na ce yana tsaye a bakin rijiya, igiya a hannun dama.

"Hagu. Yaya bahago ne wurin igiya."

Na duba, hagu ne. Na ce akwai wata mata a bayansa da tulu. Ta faɗi ko wace ce, da ƙauyen da aka auro ta. Na ce rigar ta koɗe kamar yadda ta ce.

"Akwai hwaci a kahwaɗa. Ni na ɗinke mai da hwarin zare, don baƙin ya ƙare. Ya yi ta hwaɗa wai na maishe shi abin kallo."

Na ce ban ga faci ba.

"Shekara nawa kana kallon ubanka, Mushe? In likita ya buɗe mini ido gobe, na kalli abina da kaina. In bai buɗe ba, kai ne za ka riƙa hwaɗa mini, saboda haka ka koyi kallo."

Na mayar da bidiyon farko, na tsayar da shi daidai inda Baba ya juyo. Na matsa kusa da gilashin kamar yadda ta yi. Facin na nan a kafaɗar hagu, ɗinki manya-manya da farin zare, a karkace.

"Na gan shi, Gwaggo."

"Ya yi kyau?"

"Bai yi ba."

Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce in ci gaba, in faɗa mata ƙafafunsa.